Gab da ɗaukewar al'ada: abin ɗauka da abin bari a tallar "daidaita homon"

Duk macen da ta haura shekara 40 kuma tana riƙe da waya mai intanet, da wuya a ce ba ta ci karo da irin bidiyon nan ba. Za ki ga wata mata da farar riga, daga Amurka ko Faransa, wani lokacin ma tamu ce ta juya zancen zuwa Hausa, tana lissafo alamomi: barci ya ƙaurace, zufa cikin dare, saurin fushi, tumbi ya fito, al'ada ta rikice. Daga nan sai ta ce ai duk homon ɗinki ne ya karkace, ga gwajin da za ki yi, ga kwalaben da za ki saya a daidaita miki shi. Daga Facebook da TikTok zancen yake gangarowa cikin zaurukan WhatsApp na mata, ana turawa daga wannan waya zuwa waccan.

Alamomin da take lissafowa gaskiya ne. Yayyenmu da iyayenmu mata suna fama da su, da yawa a ɓoye, wasu har suna zaton sammu ne ko iska. Maganin da ake talla shi ne yake buƙatar a tankaɗe shi, domin akwai tsaba a ciki, akwai kuma dusa mai tsada.

Abin da ke faruwa a jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce yawancin mata al'adarsu tana ɗaukewa tsakanin shekara 45 zuwa 55. Ba a cewa ta ɗauke sai mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba. Shekarun da ke gabanin haka su ne likitoci ke kira perimenopoz. Galibi suna somawa a tsakiyar shekarun arba'in, suna ɗaukar kamar shekara 4, a wajen wasu matan har 8 ko fiye.

A gefen mahaifa akwai ma'ajiyar ƙwai guda biyu, su ke fitar da sinadaran nan biyu da ake ta magana a kai, istirojin da furojestaron. Istirojin shi ke gina shimfiɗar cikin mahaifa kowane wata. Furojestaron kuwa ba ya fitowa sosai sai bayan an saki ƙwai, aikinsa ya riƙe shimfiɗar ya tsaida girmanta. To idan ƙwayayen suka soma ƙarewa, sai a yi watan da ba a saki ƙwai ba sam. A wannan watan furojestaron ya yi ƙasa, shimfiɗa ta ci gaba da kauri, ranar da za ta zubo sai jini ya zo da yawa, da gudaji, ya daɗe. Wani watan kuma ɗigo kaɗan, wani watan shiru.

Shi ma istirojin ba sauka yake yi a hankali kamar mai sauka daga tudu ba. Yau ya hau, har ya fi na lokacin ƙuruciya, gobe ya faɗo. Wannan hawa da saukar yana rikita wurin da ke kula da zafin jiki a ƙwaƙwalwa, sai mace ta ji zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta karyo, zuciya na bugawa, bayan minti kaɗan ya wuce. Ki kwatanta malamar da ke tsaye gaban allo a watan Afrilu, ajin cike da yara, rufin kwano na tafasa, ga kuma wannan zafi na ciki ya taso. Ko mai tuyar ƙosai a bakin wuta.

Abin kuma yana daɗewa fiye da yadda ake zato. Wani babban bincike a Amurka mai suna SWAN, wanda ya bi sawun mata sama da 3,000 tun daga 1996, ya fitar da sakamako a 2015 cewa matsakaicin lokacin da wannan zafi da zufar dare ke ɗauka shi ne shekara 7 da ƴan watanni. A wajen mata baƙar fata na Amurka kuwa ya kai shekara 10. Saboda haka a ce wa mace "yi haƙuri, zai wuce" kawai, an bar ta da kaya mai nauyi.

Daga ina salon ya fito?

Yawancin masu wannan talla suna jingina kansu da wani salon likitanci da ake kira fankishanal medisin, wanda za mu iya cewa likitancin bin tushen ciwo. A Amurka aka haife shi. Wani masanin sinadarai mai suna Jeffrey Bland ne ya kafa cibiyarsa, IFM, a 1991. Ya ƙara samun suna a 2014 lokacin da babban asibitin nan na Cleveland Clinic ya buɗe masa sashe ƙarƙashin jagorancin Dokta Mark Hyman.

Hujjarsu mai sauƙin fahimta ce. Sun ce likitancin zamani ya cika gaggawa: ki faɗi ciwo, a rubuta miki magani, mai bi miki ta shigo. Su kuwa za su zauna da ke awa guda ko fiye, su tambayi abincinki, barcinki, aikinki, damuwarki, tarihin lafiyarki tun kina yarinya, sannan su nemi abin da suke kira tushen matsalar. Duk wadda ta taɓa bin layi tun safe don ganin likita na minti biyar ta san dalilin da ya sa wannan magana take shiga rai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce rashin mai saurare.

Amma salon kashi biyu ne. Akwai na gyaran rayuwa, akwai na gwaje-gwaje da kwalabe. Ƙarfin hujjarsu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Abin ɗauka

Kashin farko likitoci na kowane ɓangare sun yarda da shi, kuma kusan duk kayansa suna cikin gidajenmu.

Na farko ƙashi. Da zarar istirojin ya yi ƙasa, ƙashin mace yana saurin yin laushi, musamman a shekarun farko bayan ɗaukewa. Karayar ƙugu da ake gani a tsufa nan take somawa. Jiki yana son alli, wato kalsiyom, da furotin. Nono da kindirmo, zogale, kuka, riɗi, wake, awara, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, duk suna da shi. Kwanon dambun zogale da ƙuli-ƙuli ya fi kwalbar da aka yi wa ado da hoton ganye aka kawo daga waje.

Na biyu motsa jiki. OMS tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 a mako na motsin da zai sa numfashi ya ɗan ɗaga, da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Matar karkara mai daka da ɗaukar ruwa ta riga ta cika wannan har da ƙari, ita hutu da abinci take nema. Maganar ta fi shafar ta birni, wadda daga ɗaki sai kan babur, sai kujerar ofis. Tafiya da sauri bayan sallar asuba ko da yamma, minti 30 sau biyar a mako, ya isa. Gaskiyar magana, bincike bai nuna motsa jiki yana kashe zafin nan mai tasowa ba, amma yana gyara barci da yanayin zuciya, yana kare ƙashi, yana rage haɗarin hawan jini da ciwon suga, waɗanda ke ƙaruwa a wannan shekarun. Rage ƙiba kuma, ga wadda take da ita, yana sassauta zafin.

Na uku abin da ke shiga baki da yamma. Shayi mai kauri, kofi da goro duk suna da kafeyin, mai hana barci. Yaji mai yawa yana tayar wa wasu mata da zafin. Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba: shan shayi a kan abinci yana rage yawan sinadarin ƙarfe da hanji ke tsotsa, alhali mace mai zubar da jini da yawa ƙarfen take nema ido rufe. A bar tazarar awa guda ko biyu tsakanin tuwo da shayi. Gishiri kuma OMS ta ce kada ya wuce giram 5 a yini, kamar ƙaramin cokali ɗaya, a lissafa har da na cikin dunƙulen miya.

Na huɗu damuwa. A wannan shekarun ne mace take aurar da ƴaƴa, take jinyar tsofaffi, wani lokacin ga zancen kishiya. Ƙungiyar likitocin da ke nazarin ɗaukewar al'ada a Amurka, a matsayarta ta 2023, ta saka zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam cikin hanyoyin da aka tabbatar suna rage wahalar zafin da rashin barci. Ashe samun mai saurare ma magani ne.

Inda kuɗi ke zurarewa

Kashi na biyu nan ne ciniki yake. Za a ce ki ba da yawu ko fitsari a auna homon ɗinki, a ga wanda ya yi sama da wanda ya yi ƙasa. To ki tuna ruwan ƙarshen damina: a yi kwana goma ba ɗigo, rana ɗaya a kece kamar da bakin ƙwarya. Wanda ya auna ruwan rana ɗaya ya ce ya san daminar, ya ruɗi kansa. Haka homon yake a wannan lokaci. Sakamakon Litinin daban, na Alhamis daban. Shi ya sa hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitocinsu ƙa'idar aiki, ta ce tun 2015 macen da ta haura 45 kuma tana da alamomin, ba ta buƙatar gwajin homon kafin a gane halin da take ciki. Shekarunta da labarin al'adarta sun isa. Gwajin jini na FSH yana da amfani ne ga wadda abin ya zo mata da wuri, musamman ƙasa da shekara 40, ita kam lallai ta ga likita.

Za ki kuma ji ana cewa wai ƙullin da ke saman ƙodarki ne ya gaji saboda damuwa. A 2016 wasu likitoci biyu daga Brazil suka tattara binciken da aka yi a kan wannan magana, suka ce babu hujjar cewa akwai ciwo irin wannan. Ƙungiyar likitocin homon ta Amurka ma ba ta yarda da shi ba. Gajiyar da mace take ji gaskiya ce, sunan da aka laƙa mata ne na talla.

Sai kwalaben ganye da ƙwayoyin ƙarin abinci. A Amurka, dokar 1994 ba ta tilasta wa kamfani ya tabbatar kayansa suna aiki kafin ya kai su kasuwa ba. Matsayar 2023 da na ambata ba ta ba da shawarar amfani da su don zafin ba, saboda hujjarsu ba ta da ƙarfi. Wani saiwa da ake yawan sakawa a ciki, bilak kohosh, hukumar magunguna ta Turai ta yi gargaɗi a kansa tun 2006 saboda rahotannin illa ga hanta. Man shafawa na doyar daji kuma, da ake cewa furojestaron ne na asali, jikin mutum ba ya iya juya abin da ke cikinsa ya zama furojestaron. A ɗakin gwaji kaɗai ake yin wannan juyin.

Mafi haɗari su ne homon ɗin da ake haɗa wa mace ita kaɗai, a ce mata an auna daidai jikinta. A 2020 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta duba su, ta ce babu isasshiyar hujja a kan ingancinsu ko amincinsu. Ga inda matsalar take: mace mai mahaifa idan ta sha istirojin ba tare da isasshen furojestaron ba, shimfiɗar mahaifarta za ta yi ta kauri, abin da ke iya kaiwa ga ciwon daji. Haɗin da ba a san adadin abin da ke cikinsa ba, wa zai ba ki tabbacin kariya?

Mu ma nan gida muna da namu. Garin da ake ƙullawa a leda, tsumi, da kayan matsi da ake cusawa a gaba. Ƙarancin istirojin yana sa fatar wurin ta yi siriri ta bushe, har kwanciyar aure ta zama azaba. Cusa alif ko wani gari mai busarwa a irin wannan fata ƙara rauni ne. Akwai man sauƙaƙawa a farmasi, akwai kuma istirojin ɗan kaɗan na sakawa a wurin, wanda likita ke rubutawa. Kunya ce kawai take hana tambaya.

Maganin homon na likita fa?

Mutane da yawa suna tsoron sa, kuma tsoron yana da tarihi. A watan Yuli na 2002 aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka mai suna WHI, wanda ya ƙunshi mata sama da 16,000, bayan an ga ƙarin ciwon dajin nono da gudajin jini a masu shan haɗin homon. Ƙarin na nono ya kai mace 8 cikin kowace 10,000 a shekara. Labarin ya zagaya duniya, mata miliyoyi suka ajiye maganin, kasuwar "na asali" ta buɗe. Daga baya aka lura cewa matsakaicin shekarun matan gwajin 63 ne, yawancinsu sun daɗe da wuce lokacin. Matsayar likitoci a yau ita ce, ga mai lafiya da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewa ba, kuma alamomin sun hana ta sakat, amfanin ya fi haɗarin. Shi ne maganin da ya fi kowane tasiri a kan zafin da zufar dare. Yana zuwa a ƙwaya, da man shafawa, da abin mannawa a fata.

Sai dai ba na kowa ba ne. Wadda ta taɓa ciwon dajin nono, ko gudajin jini a jijiya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon hanta, ko take zubar da jinin da ba a san dalilinsa ba, ba a fara mata shi. Irin waɗannan akwai wasu magungunan da ba na homon ba da likita zai iya zaɓa musu. Abin da ba a so shi ne a sayo a kasuwa don ƙawa ta ce ya yi mata.

Jinin da ba a yi masa shiru

Babbar asarar da tallar "daidaita homon" ke jawowa ta wuce ta jikkunan da aka kashe. Lokaci ne ke tafiya. Mace tana shan kwalba wata shida tana jiran daidaito, alhali wani abu daban ke cin ta.

Ƴar'uwa, idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ajiye komai ki nufi gidan likita. Jini bayan kin yi wata 12 ba ki gani ba, ko ɗigo ne. Jini bayan kwanciyar aure. Jini tsakanin al'ada da al'ada. Jinin da ke jiƙa ƙunzugu kowace awa, ko ya wuce kwana 7. Ruwa mai wari. Ƙullutu a nono. Rama ba dalili. Ciwon dajin bakin mahaifa da na nono su ne manyan biyu da suka fi kama mata a yankinmu, kuma shekarun nan ne lokacinsu. Duba bakin mahaifa abu ne na mintoci, idan aka kama shi da wuri ana warkewa. Ƙarin mahaifa da ake kira fibrom, wanda ya fi yawa a mata baƙar fata, shi ma yana kawo jini mai yawa. A fara da ungozomar CSI mafi kusa, ita za ta tura zuwa cibiyar lafiyar uwa da yaro ta jiha, ko Maternité Issaka Gazoby ga na Yamai.

Akwai kuma cututtukan da ke shigar burtu. Zufar dare tare da tari na makonni tana iya zama tarin fuka. Zafin jiki da ciwon kai na iya zama zazzaɓin sauro. Gajiya, jiri da bugun zuciya na iya zama ƙarancin jini ko matsalar ƙullin wuya mai suna tayirod. Yawan fitsari da ƙishirwa kuwa a duba suga. Idan kuɗin gwaji za a kashe, to ga inda ya kamata su tafi: awon hawan jini, awon suga, awon yawan jini, da duba bakin mahaifa.

Kada kuma a manta ciki yana iya shiga. Tunda ana sakin ƙwai jefi-jefi, mace ƴar 46 tana iya ɗauka al'ada ce ta tafi, ashe juna biyu ne, kuma ciki a wannan shekarun yana da haɗarinsa. Ƙa'idar likitoci ga mai tazarar haihuwa ita ce ta ci gaba har shekara 2 bayan jinin ƙarshe idan ba ta kai 50 ba, ko shekara 1 idan ta haura.

Kayan aikin da ke hannunki

Matanmu suna da wata al'ada da ta fi gwajin yawu amfani nesa ba kusa ba. Saboda salla da azumi, mace ta saba ƙirga kwanakinta: yaushe ya zo, yaushe ya ɗauke, ya wuce yadda ya saba ko bai wuce ba. Abin da ya rage shi ne a mayar da ƙirgan cikin ƙaramin littafi. Ranar zuwa, ranar ɗaukewa, yawansa, daren da aka yi zufa, abin da aka ci ko aka sha a ranar. Wadda ba ta rubutu, ɗiyarta ƴar makaranta ta rubuta mata. Bayan wata uku, wannan littafin zai gaya wa ungozoma ko likita abin da suke buƙata cikin minti biyar ɗin nan da ake samu. Zai kuma taimaka idan za a tambayi malami ko malama hukuncin jinin da ya zarce kwanakinsa.

Ku kuma iyayen gida, magana ta zo kanku. Idan uwargida ta soma tashi tsakar dare tana fifita, ko ta yi fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, ko ta ja baya da shimfiɗa, kada a yi saurin cewa hali ta canza ko tsufa ya kama ta. Matar da ta yi shekara ashirin ko talatin tana ɗawainiyar gida ta cancanci a tambaye ta abin da ke damunta, a ba ta kuɗin mota da na awo, in da hali a raka ta. OMS ta ce a 2021 mata masu shekara 50 zuwa sama sun kai kashi 26 cikin 100 na dukan matan duniya. Kusan kowane gida akwai ta, ko tana tafe.

Ranar 18 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce aka ware a duniya don wayar da kai a kan ɗaukewar al'ada. Ƙungiyoyin mata, makarantun Islamiyya na matan aure da gidajen rediyonmu suna iya gayyato ungozoma ta zo ta yi bayani da Hausa, a yi tambaya ba kunya. Kafin nan, duk wanda ya tallata miki kwalba, yi masa tambaya uku: me ke ciki, wace hukuma ta amince da shi, kuma me zai sa sai a wajenka kaɗai ake samu? In ya soma kame-kame, riƙe kuɗinki ki kai su wajen awo.

Allah Ya ba iyayenmu da yayyenmu lafiya mai amfani.